Ruwa na Tarayya, Kifi na Jiha: Inda Doka da Kasafi Suka Bar Masuntan Haɗeja da Nguru

Wanda ya taɓa yin sammako ya tsaya a bakin ruwa a yankin Nguru, lokacin da jiragen masunta ke dawowa, ba sai ya tambayi kowa halin da su yake ciki ba. Ya leƙa cikin kwale-kwale kawai. Mutum ya kwana a ruwa, sanyi ya gama ratsa shi, ya ɗago ragarsa ta kalli, abin da ke kwance a ƙasan jirgi 'yan ƙananan karfasa ne da ba su kai tafin hannu ba, sai 'yar tarwaɗa ɗaya ko biyu tana motsi a cikinsu. Masu saye su kai banda suna tsaye da robobinsu, ciniki ba ya ɗaukar lokaci don babu abin da za a ja. In akwai dattijo a wurin, zai gaya maka lokacin da giwan ruwa sai mutum biyu sun kama kafin a fitar da shi daga jirgi.

Idan ka kai maganar gaban jami'in gwamnati, amsar da ka fi ji ita ce laifin masunta ne. Sun yi yawa, suna saka raga mai ƙananan ido, wasu har gidan sauro suke ja a ruwa, wasu kuma maganin ƙwari suke zubawa. Duk wannan gaskiya ne, masuntan da kansu ba sa musu. Amma ni a ganina, in aka tsaya a nan an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi yanke hukunci a kan yawan kifin Haɗeja da Nguru da Gashuwa yana can sama, a ƙofofin madatsun Tiga da Challawa, kuma dokokinmu da kasafinmu an tsara su ne kamar ruwa daban, kifi daban.

Sai an san yadda kifin fadama ke rayuwa kafin a gane maganar. Yawancin kifin wannan yanki, irin su tarwaɗa da kawara da kurungu da bargi, haihuwarsu tana ɗaure da zuwan sabon ruwa. Damina na kankama, kogi ya fara cika, sai kifi ya bi ruwan ya fita daga kwarin kogi ya bazu cikin fadama. A can yake saka ƙwai, cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Kashin dabbobin da suka yi kiwon rani a wurin da ruɓaɓɓen ganye su ne ke zama abincin 'ya'yan kifin, ga wurin ɓuya daga manya. Wata biyu zuwa uku suna girma. Da kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, sai su biyo shi su koma kogi da tafkuna, a nan ne masunci ke cin kasuwarsa. Shi ya sa shekarar da ruwa ya yi faɗi ya kuma daɗe a fadama, ita ce shekarar kifi. Ruwan ja da bayan nan kuma shi manomi ke bi ya shuka wake da sauran amfanin rani, shi ke barin ciyawa ga makiyayi, shi ke sauka ƙasa ya cika rijiyoyi. Ke nan akwai bukatar ruwa ya zo da yawa a lokacinsa, ya kuma tafi a lokacinsa. Bushewar ma wani ɓangare ne na aikin.

Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da kogin Challawa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kyubik mita biliyan biyu a yadda aka fara gina ta. A 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Su biyun nan suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke bin kogin Haɗeja. Ba zan yi wa Kano rashin adalci ba. Daga waɗannan madatsu birnin Kano yake sha. Shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam, waɗanda suka ɗaga dubban gidaje, ruwan Tiga ne. A cikin madatsun kansu ma ana su, akwai garuruwan da suka samu sana'ar kifi da ba su da ita a da. Babu mai hankalin da zai ce a rushe dam. Maganar ita ce yadda ake buɗe ƙofa da rufe ta, da wanda ke da ta cewa a kai.

Abin da madatsa take yi shi ne ta riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, domin abin da mai noman rani da famfon birni suke so ke nan. Sai abu biyu suka faru a ƙasa. Na farko, ruwan da ke mamaye fadama ya ragu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 ruwa kan rufe hekta dubu 250 zuwa 300 a dausayin Haɗeja da Nguru, daga baya ya dawo tsakanin dubu 70 zuwa 100. Fari na shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason a ciki, amma fari ya wuce, madatsu suna nan. Na biyu, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma ba ya rabuwa da ɗan ruwa mara zurfi. Irin wannan wuri kachalla take so.

Mutumin Guri ko Kirikasamma ko Birniwa ba sai an yi masa bayanin kachalla ba. Ciyawa ce da ta fi tsawon mutum, saiwarta a sarƙe, in ta kafa sai ta tare yashi da laka, hanyar ruwa ta toshe. Da hanyoyi irin su Burum Gana suka cushe, sai ruwan ya karkata ya bi hanyar Marma ya nufi tafkin Nguru. Sakamakon shi ne wasu garuruwa gonakinsu sun nutse shekara da shekaru, wasu kuma da ke can gaba ruwan ya daina isa gare su. Masunci ba ya iya tura jirgi cikin kachalla, ba ya iya jefa ragar birgi. Cikinta tsuntsun jan-baki yake sheƙa ya fito ya cinye shinkafa da gero. Jama'a kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda su buɗe hanya, bayan 'yan watanni ta sake rufewa. Na ga tafin hannun mutanen da ke wannan aiki, duk kaifin ganye ya tsattsaga shi. Wannan yanki na tafkin Nguru da hanyar Marma ne kuma Nijeriya ta fara sakawa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyi, a shekarar 2000.

To, wa doka ta ɗora wa alhakin gyara? A nan gizo ke saƙar.

Kundin tsarin mulki na 1999 yana da jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Abu na 64 a jerin shi ne ruwan da majalisa ta ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya. Abu na 29 kuma ya ba tarayya harkar su da kifi, amma ya cire su na koguna da tafkuna da kududdufai da sauran ruwayen cikin ƙasa. Ma'ana, ruwan kogin Haɗeja da ya taso daga Kano ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe har Borno, na tarayya ne. Kifin da ke cikin ruwan kuwa na jihohi ne. Kwamishinan da ke kula da kifi a Damaturu ba shi da ikon cewa a buɗe ƙofar Tiga a watan Agusta. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, wadda makullin ke hannunta, ba a auna aikinta da yawan kifin da aka kama a Gashuwa. Ana auna ta da yawan hektar da aka noma da rani.

Su waɗannan hukumomin raya koguna an fara kafa su a 1973 da na Tafkin Chadi da na Sakkwato da Rima, aka faɗaɗa a 1976, yanzu su goma sha biyu ne. An haife su a zamanin kuɗin mai da tsoron fari, lokacin da ake ganin duk ruwan da ya wuce ba a tare shi ba asara ce. Wannan tunani ya shiga jinin aikinsu. Hukuma ɗaya ce ke gina dam, ita ke sayar da ruwan ga manoma, ita kuma ke yanke shawarar nawa za a saki ga na ƙasa. Mai rabo yana cikin masu ci.

Dokar kifin ruwan cikin ƙasa da muke da ita a matakin tarayya dokar soja ce, mai lamba 108 ta 1992, zamanin Janar Babangida. A shekarar aka yi ta kifin teku mai lamba 71. Ita ta cikin ƙasan ta ce a yi wa jirgin su lasisi, ta hana raga mai idon da bai kai inci uku ba sai ga wasu ƙananan nau'in kifi, ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma bar aiwatarwa a hannun kwamishinonin jihohi. Akwai wani sashe a ciki da ba a cika ambata ba, wanda ya ce a kula da gina madatsu da shingaye don kada a tare wa kifi hanya, inda aka ba da izini kuma a gina masa matakalar wucewa. Masu rubuta dokar sun hango matsalar ke nan. Amma dokar ta zo bayan an gama Tiga da Bakolori da Kainji, kuma ko matakala aka gina ba ta maganin rashin ambaliya. Tarar da ke cikinta kuwa daga 'yan ɗaruruwan naira ne zuwa 'yan dubbai, kuɗin da a yau bai kai na kwandon banda ɗaya ba. Sama da shekara talatin da wannan doka ake tafiya.

Ko maganar idon raga ma, a dube ta da idon basira. Masunci da yatsa yake auna idon kallinsa, mai yatsa ɗaya, mai biyu, mai huɗu. Ya san sarai mai yatsa ɗaya 'ya'yan kifi take kwashewa. Yana saka ta ne saboda in ya saka mai huɗu zai koma gida hannu rabbana. Ƙarancin manyan kifi ne ya tura shi ga ƙaramar raga, ƙaramar ragar kuma ta ƙara ƙarar da kifin. Dokar da ta zo ta ƙwace ragarsa ba ta dawo da ruwan da kifi zai hayayyafa ba, yunwa kawai ta ƙara masa. Sannan ba duk masunta ne ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai dumba, inda mai hali zai jera gura, wato tarkon kifi, ɗaruruwa ya datse hanyar ruwa gaba ɗaya, duk kifin da ke komawa kogi ya faɗa hannunsa, na ƙasa su tashi a tutar babu. A gaɓar Tafkin Chadi an sha nuna yadda ƙananan hukumomi ke karɓar kuɗi su ba da wurin kafa dumba, don hanyar samun haraji ce. Da wuya mai karɓar kuɗin abu ya hana shi.

Babban yunƙurin da aka yi na sake fasalin dokar ruwa shi ne Ƙudurin Albarkatun Ruwa na Ƙasa. Gwamnatin Buhari ta aika da shi majalisa a 2017, lokacin Injiniya Suleiman Adamu yana ministan ruwa. Manufarsa ita ce a haɗe dokoki huɗu wuri guda, ciki har da dokar ruwa ta 1993 da ta hukumomin raya koguna, a kuma kafa hukuma mai sa ido da ba da lasisin ɗibar ruwa, wadda ba ita ce mai gina dam ba. A 2018 ya maƙale a Majalisar Dattawa bayan sanatocin kudu, irin su Godswill Akpabio, sun tayar da jijiyar wuya. A 2020 ya dawo ta Majalisar Wakilai. An ce ya wuce, sai wani ɗan majalisa daga Binuwai ya yi ƙorafin ba a bi ƙa'ida ba, Kakaki Femi Gbajabiamila ya sa aka janye shi a watan Satumba. Ya sake dawowa a 2022 ta hannun Sada Soli, ɗan majalisa daga Katsina kuma shugaban kwamitin ruwa a lokacin, Ƙungiyar Gwamnoni ta ce ya saɓa wa tsarin mulki. A watan Yunin 2023, ana saura kwanaki majalisa ta tara ta tashi, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi.

Abin da ya kashe shi ba ruwa ba ne, rashin yarda ne. Ya zo a daidai lokacin da rikicin manoma da makiyaya ya yi zafi, ga maganar Ruga. Gwamna Samuel Ortom na Binuwai da Farfesa Wole Soyinka da ƙungiyoyin kudu suka ce hanya ce ta ƙwace gaɓar koguna a miƙa wa makiyaya. Wasu kuma tsoronsu shi ne sai mutum ya nemi lasisi kafin ya haƙa rijiyar burtsatse. Ban ga laifin wanda ya ji tsoro ba. Ƙasa a hannun gwamnoni take bisa dokar mallakar filaye ta 1978, duk ƙudurin da ya taɓa gaɓar kogi dole ya fayyace iyakarsa ƙarara, gwamnati kuma ba ta zauna da jama'a ta yi bayani tun farko ba. Sai dai ikon tarayya a kan ruwan da ya ratsa jihohi ba sabon abu ba ne, yana cikin dokar 1993, wadda kuma ta bar wa kowa 'yancin ɗibar ruwan gida da shayar da dabba da yin su ba tare da biya ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne shekara shida ana wannan muhawara a Abuja, ana maganar Ruga da rijiyar burtsatse, tambayar da ta fi damun mutumin Nguru, wato nawa za a saki daga Tiga kuma yaushe, ba ta samu wurin zama ba. Da ƙudurin ya faɗi, sai aka koma gidan jiya, mai rabo yana cikin masu ci.

A ɓangaren kifi kuma, a 2023 gwamnatin Tinubu ta kafa sabuwar ma'aikatar harkokin teku ƙarƙashin Adegboyega Oyetola, daga baya aka ɗauke sashen kifi daga ma'aikatar noma aka mai da shi can. Jami'ai kan ce Nijeriya na bukatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa bai wuce miliyan 1.2 ba, shi ya sa ake shigo da daskararren kifi daga waje. Kaso mafi girma na wanda ake samarwa a gida ƙananan masunta ne ke kawo shi, na gaɓar teku da na koguna. Damuwata ita ce ma'aikatar da tashoshin jiragen ruwan Legas ke gabanta, hankalinta zai fi karkata ga teku da kiwon kifi a kududdufi. Yanzu ke nan ruwa yana wata ma'aikata, kifi yana wata, noman rani ya shafi ta uku, dausayi kuma na ma'aikatar muhalli ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke nuna abin da gwamnati take nufi da gaske. Kuɗin ayyukan ruwa ta ƙofa uku yake shigowa. Akwai kasafin shekara da ke bi ta ma'aikatar ruwa da hukumomin raya koguna. Duk mai bibiyar kasafi ya san waɗannan hukumomi sun zama ma'ajiyar ayyukan mazaɓu, inda 'yan majalisa ke cusa fitilun titi masu aiki da hasken rana da rabon babura da gina ajujuwa. Al'umma na bukatar waɗannan, amma ba aikin hukumar kogi ba ne, kuma su ke sa kasafinta ya yi kama da mai yawa alhali abin da ya rage na gyaran ƙofar dam da auna ruwa da yashe hanya ɗan kaɗan ne. Ɗan majalisa ya fi son abin da za a yanka kyalle a buɗe. Man shafawa a ƙarfen ƙofar madatsa ba ya fitowa a hoto.

Ƙofa ta biyu bashi ne. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 na shirin TRIMING, wanda ya gyara hanyoyin ban-ruwa na Kano da kwarin Haɗeja da Bakolori da Dadin Kowa. Aiki ne da ya amfani manoma, ya kuma kafa musu ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke da ta cewa a kan kula da magudanai. A 2024 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 500 na shirin SPIN, wanda ya haɗa da lafiyar madatsu. Amma duk hektar da aka ƙara a sama, ruwa ne aka rage wa na ƙasa, sai in an yi tsimi a wani wuri. Manomin Kura yana da ƙungiya da wakili a teburin. Masuncin da ke can ƙasa, mai rayuwa da ragowar ruwan, ba a lissafa shi cikin masu amfani da ruwa.

Ta uku ita ce kuɗin bayan ɓarna. Daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, aka rasa rayuka, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Bayan 'yan watanni gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Dole ne a gina, babu ja. Amma Alau ta taɓa yin irin wannan a 1994, Bagauda ta ɓalle a Kano a 1988. Kuɗin da ya kasa fitowa na duba madatsa duk shekara, ya fito a dunƙule bayan an yi jana'iza. Haka mutanen Jigawa ke gani, a shekarun da aka riƙe ruwa har madatsa ta cika ta tumbatsa, sai ya zo musu lokaci guda ya tarar da hanyoyi a toshe, ya shiga gari, kamar yadda ya faru a 2001 da 2022. Ambaliyar da kifi ke bukata da wadda ke rushe gida ba ɗaya ba ne. Ta farko ana tsara ta, a sanar, ta bi buɗaɗɗiyar hanya ta shiga fadama.

An taɓa yin yunƙuri mai kyau. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka zauna a Damaturu tare da gwamnatin tarayya suka kafa asusun haɗin gwiwa na kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. An yi yashe, an buɗe wasu hanyoyi. Rauninsa shi ne ya dogara da alkawarin gwamnoni, alkawari kuma yana tafiya da wanda ya yi shi. Asusun da ba doka ce ta ce a yanke masa kaso kai tsaye ba, kullum da ƙoƙon bara yake.

Wani zai ce ai sakin ruwa ga fadama asara ce, gara a noma shinkafa. An yi wannan lissafi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta abin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, ta noma da su da itacen wuta, da abin da ake samu a aikin ban-ruwa na Kano. Na dausayin ya ninka sau da yawa, domin ruwa ɗaya yana yin aiki uku ko huɗu ba tare da an zuba kankare ba. Lissafin ya tsufa, noman Kura ya bunƙasa tun daga lokacin, ya kamata a sake shi. Amma maƙwabtanmu sun gwada a aikace. A arewacin Kamaru madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta busar da fadamar Waza da Logone, kifi da kiwo suka durƙushe. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, kifi da ciyawa suka dawo, ba a kuma daina noman shinkafar ba. Afirka ta Kudu kuwa a dokarta ta ruwa ta 1998 rubutawa ta yi cewa kafin a ba kowa lasisi, sai an ware kason shan jama'a da kason da kogi ke bukata ya rayu.

A kan kula da su kansa, ba sai mun je nesa ba. A Argungu, Sarkin Ruwa ne ke rufe kogin Matan Fada, ba mai jefa ragar homa sai ranar biki, jama'a kuma suna bi saboda sun san wanda ya hana da dalilinsa. A tafkin Kainji, wani aikin haɗin gwiwa da Jamus a shekarun 1990 ya bi ta hannun sarakunan ruwa wajen ba da lasisi da hana jan dala, ragar da ke share 'ya'yan kifi a gaɓa, jihohin Neja da Kebbi suka mara masa da dokokinsu. Jami'in kifi ɗaya da babu jirgi babu mai ba zai iya tsare tafki ba. Sarkin ruwa ya san duk wanda ya shiga ruwa jiya da dare. Dokar jiha da ta ba shi matsayi, ta bar wani kaso na kuɗin lasisi a garin, ta kuma sa masa ido don kada shi ma ya sayar da hanyar ruwa ga mai dumba, ta fi tarar da ke kwance a takarda.

Saboda haka in majalisa za ta sake taɓa dokar ruwa, ni shawarata kada a sake ɗauko ƙaton ƙuduri mai taɓa kowane kogi da kowace gaɓa a Nijeriya. A fara da abu ƙarami da ba ya taɓa filin kowa. A wajabta wa kowace babbar madatsar tarayya jadawalin sakin ruwa a rubuce, wanda za a sanar a rediyo kafin damina, da kason ambaliyar fadama a ciki. Kwamitin da zai tsara shi ya ƙunshi jihohin ƙasa da wakilan masunta da makiyaya da manoman fadama, ba manoman ban-ruwa kaɗai ba. A kuma ɗaure wani kaso na duk kuɗin da aka ware wa madatsa, na kasafi ne ko na bashi, ga gyara da auna ruwa da yashe hanya, yadda ba za a iya karkatar da shi ba. Wannan yana cikin hurumin tarayya ƙarƙashin abu na 64. Jihohin Jigawa da Yobe da Borno kuma su daidaita dokokin kifinsu, tunda tarwaɗa ba ta san iyakar Guri da Bade ba.

Ruwan ma bai tsaya a Nijeriya ba. Bayan Gashuwa da Gaidam, Komadugu Yobe ita ce iyaka da Jamhuriyar Nijar, ita masu noman tattasai da masuntan Diffa ke jira kowace shekara, kuma tun 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci. Yawancin ruwan da ke isa can a yau daga kogin Jama'are yake, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, saboda shi ne ba a datse da babbar madatsa ba. A kansa ne ake son gina madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, aikin da aka fara zamanin Shagari ya tsaya a 1984, kuma kusan kowace gwamnati sai an sake tayar da shi. Mutanen Bauchi suna da hujjarsu, suna ganin abin da Tiga ta yi wa Kura suna so su ma. Yobe da Borno sun daɗe suna adawa, su ma da hujjarsu. Duk ranar da Kafin Zaki ta sake bayyana a kasafi, sanatocin Yobe da Borno da Jigawa su nemi a fara ajiye musu jadawalin sakin ruwanta a rubuce cikin doka, watan da za a buɗe da yawan da za a saki, kafin a amince da ko naira ɗaya ta kankare.